Yadda Ake Tsara Bawul Mai Rage Matsin Ruwa, Daga Lissafi Zuwa Teburin Gwaji

Gidan da ruwansa ke saukowa daga tankin da ke bisa hasumiya ba ya bukatar bawul mai rage matsin ruwa, wato na'urar da ake ɗaurawa a bututu don ta sauke matsin ruwan da ke wucewa. Sai ruwa ya yi tsawon mita 10.2 kafin ya ba da matsin bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), yawancin hasumiyoyin gidaje kuwa ba su kai haka ba. Inda ake nemansa shi ne bene mai hawa da yawa wanda hawan ƙasa ke ɗauke da nauyin ruwan sama, da unguwar da ke gindin tudu, da layin da injin tura ruwa ke bugawa kai tsaye, da gonar da ake ba ruwa ta ɗigo, wadda siraran bututunta ke aiki da wajen bar 1 kacal. A Amurka dokokin aikin famfo sun hana matsin cikin gida wuce psi 80, wato kusan bar 5.5. Ma'aunin da ake gwada irin waɗannan bawuloli da shi a can shi ne ASSE 1003, a Turai kuma EN 1567.

Wanda za mu tsara a nan shi ne mafi sauƙi, mai aiki da sifirin kai tsaye. Sassansa ba su da yawa: gangar jiki, mazauni mai rami, matoshin da ke rufe ramin, sandar da ke riƙe da matoshin, dayafaram wato faifan roba mai lanƙwasa, sifirin, da sukurun saiti. Sifirin yana danna dayafaram ƙasa, sanda ta ture matoshi daga mazauni, don haka bawul ɗin a buɗe yake tun asali. Ruwan da ya riga ya wuce shi ne ke dawowa ya danna dayafaram daga ƙasa. In matsin fita ya hau, sai ya rinjayi sifirin, matoshi ya matso. In wani ya buɗe famfo matsin ya sauka, sifirin ya sake rinjaye, hanya ta ƙaru. Duk lissafin da ke tafe a kan wannan ja-in-ja yake.

Mataki na 1: rubuta lambobi huɗu kafin ka zana komai

Matsin shiga mafi girma, matsin shiga mafi ƙanƙanta, matsin fita da ake so, da yawan ruwa, shi ma babba da ƙarami. Girman bututu ba ya cikin jerin, kuma da gangan na cire shi. Yawancin bawulolin da ke ba da wahala an zaɓe su ne don bakinsu ya dace da bututun da aka tarar.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Matsin shiga yana yawo tsakanin bar 6 da rana da bar 8 da dare. Ana son bar 3 a waje. Ruwan da ake ja a lokacin cunkoso m³ 3 ne a awa, mafi ƙanƙanta kuma famfo guda da tsakar dare, wajen lita 0.1 a daƙiƙa, wato m³ 0.36 a awa. Bututun milimita 25 yana ɗaukar m³ 3.5 a awa kafin gudun ruwa ya kai mita 2 a daƙiƙa, iyakar da aka saba tsayawa a kai cikin gini, saboda haka bakin bawul ɗinmu DN25 ne, wato na bututun milimita 25.

Mataki na 2: duba ko bawul ɗaya zai iya

Ruwa yana ƙara gudu a ƙuntataccen wurin da ke tsakanin matoshi da mazauni, matsinsa kuma ya faɗi ƙasa da na fita na ɗan lokaci. In ya faɗi har ƙasa da matsin tururinsa, wato matsin da ruwa ke fara zama tururi a kansa, wanda bai wuce bar 0.023 ba a zafin digiri 20, sai ƙananan kumfa su ɓullo, su fashe a jikin ƙarfe da zarar matsi ya farfaɗo. Wannan shi ne kabiteshan. Za ka ji ƙara kamar ana zuba tsakuwa a bututu, kuma a hankali yana cin mazauni da gangar jiki. Ƙa'idar da masu aikin suka saba da ita ita ce kada matsin shiga ya ninka na fita fiye da sau 3. Namu 8 bisa 3 ne, 2.7, mun tsira. Da a ce bar 10 ne, sai a jera biyu, na farko ya sauke zuwa 5.5, na biyu ya ƙarasa zuwa 3.

Mataki na 3: girman rami da tafiyar matoshi

Ana auna ƙarfin wucewar ruwa da lambar Kv, wato yawan m³ a awa da ke wucewa in bambancin matsi bar 1 ne. Ga ruwa, Kv = Q ÷ √ΔP, inda Q ke nufin yawan ruwa a m³ a awa, ΔP kuma bambancin matsin shiga da na fita a bar. Wanda ke karanta takardun Amurka zai ga Cv, wadda ita ce Kv sau 1.156.

Ɗauki lokacin da ya fi tsanani, wato ruwa da yawa, matsin shiga kaɗan. ΔP = 6 − 3 = 3, don haka Kv = 3 ÷ 1.73 = 1.73. Ƙara kashi 30 cikin ɗari na ko-ta-kwana, ya zama 2.25. Kada ka ƙara fiye da haka, dalilin na nan gaba kaɗan.

Yanzu a mayar da Kv zuwa milimita. Ruwan da bambancin matsin bar 1 ke turawa yana fita daga rami da gudun mita 14.1 a daƙiƙa. In ka ɗauki cewa kashi 65 cikin ɗari na ramin ne ke aiki saboda tsukewar ruwa, to Kv ≈ 0.033 × A, inda A ke nufin girman hanyar ruwa a mm². Wannan kashi 65 zato ne na farawa, teburin gwaji ne zai gyara maka shi. Kv 1.73 na neman mm² 52, Kv 2.25 kuma mm² 68.

Hanyar da ruwa ke bi ba ramin mazauni ba ce gaba ɗaya, zagayen da ke buɗewa ne in matoshi ya ɗaga: π × d × h, inda d ke nufin dayamitar mazauni, h kuma ɗagawar matoshi. Mu ɗauki mazauni mai dayamita 15. Zagayensa milimita 47.1 ne, saboda haka a cunkoso matoshi zai matsa 52 ÷ 47.1, wato milimita 1.1, ko-ta-kwana kuma 1.4. Ramin kansa mm² 177 ne, in an cire sanda mai kaurin 6 saura 148, don haka ɗagawar da ta wuce milimita 3 ba ta ƙara komai. Nan za ka sa matsayar sanda.

Sai famfon tsakar dare. Kv = 0.36 ÷ √5 = 0.16, wato mm² 4.9, wato ɗagawar milimita 0.1. Da ka zaɓi mazauni mai dayamita 30 don ka ji daɗi, da ɗagawar ta koma 0.05. A irin wannan tazara ƙaramin motsi yana ninka ruwa sau biyu, matsi ya yi tsalle, matoshi ya rufe da ƙarfi, matsi ya faɗi, ya sake buɗewa. Daga nan karkarwa da kukan bututu ke fitowa, siririn ruwan mai gudu kuma yana yanka layi a bakin mazauni. In tazarar da ke tsakanin babban ja da ƙarami ta yi yawa ƙwarai, maganin shi ne bawul biyu a gefe da gefe, ƙarami a saita shi sama da babban da wajen bar 0.2 zuwa 0.3 don shi ya riƙa ɗaukar ruwan dare shi kaɗai.

Mataki na 4: yanke shawara kan ƙarfin da matsin shiga ke yi wa matoshi

Matsin shiga ma yana danna matoshi, ba na fita kaɗai ke wasa ba. Bar 1 daidai yake da N 0.1 a kan kowace mm². Bambancin bar 5 a kan mm² 177 ya ba da N 88, kuma wannan ƙarfi yana canzawa duk lokacin da matsin shiga ya canza. Ko zai tura matoshi ya buɗe ko ya rufe, ya danganta da ɓangaren da ruwa ke shigowa. Masu walda sun san abin a aikace: a ragulatan iskar oksijin mai mataki ɗaya, matsin fita yana hawa yayin da tukunya ke ƙarewa, domin ƙarfin da ke taya matoshi rufewa ne ke raguwa.

Hanya biyu ce. Ko ka bar shi haka, ka sa dayafaram mai girma ya shanye bambancin, ko ka daidaita shi. A misalinmu dayafaram zai ninka mazauni wajen sau 16, don haka canjin bar 2 a shiga zai motsa matsin fita da bar 0.125 kawai, abin da mai wanka ba zai ji ba. Daidaitawa kuwa ita ce a sa wa sanda ƙaramin fistin mai dayamita ɗaya da mazauni, da zoben roba, yadda matsin shiga zai tura sama da ƙasa daidai wa daida. Kuɗinsa shi ne gogayya. Zoben roba yana riƙe sanda, sai matsi ya ɗan sauya kafin ta motsa, in ruwan kuma na rijiyar burtsatse ne mai yashi, nan ne yashin ke fara maƙalewa. A ganina, ga ƙaramin bawul a ruwa marar tsabta, gara a bar shi ba daidaito. Ga mazaunin da ya wuce milimita 25 ko layin da matsinsa ke hawa da sauka sosai, daidaitawa ta zama dole. Don lissafi ya yi sauƙi, za mu ci gaba a kan cewa namu daidaitacce ne. Wanda bai daidaita ba sai ya ƙara ko ya rage N 88 a lissafin sifirin.

Mataki na 5: dayafaram

Ba duk fuskar roba ke isar da ƙarfi ga sanda ba, wani kaso yana tafiya ga gefen da aka matse. Ga shimfiɗaɗɗen dayafaram ana ƙiyasta fuskar da ke aiki da π ÷ 12 × (D² + Dd + d²), inda D ke nufin dayamitar inda aka matse, d kuma ta farantin ƙarfen da ke tsakiya. Da D 70 da d 50, za ka sami wajen mm² 2,850. A bar 3 ƙarfin da ke tura shi sama N 855 ne.

Nemi roba mai zaren nailan ko foliyesta a ciki, domin roba zalla tana miƙewa. In na ruwa ne a sa roba irin EPDM, in na mai ne ko na iskar kwamfaresa mai ɗigon mai a sa irin NBR. Kada a haɗa su, EPDM tana kumbura in ta taɓa fetur ko man inji. Gefen faranti da na gangar jiki inda roba ke lanƙwasa dole a zagaye su, kaifi ɗaya ya isa ya tsaga ta. Wani abin lura kuma, fuskar da ke aiki tana ɗan ƙaruwa yayin da dayafaram ke sauka, wannan yana ƙara faɗuwar matsi. Dayafaram mai ƙwarya a zagaye, wanda aka zuba da siffarsa, ya fi shimfiɗaɗɗe riƙe girmansa.

Mataki na 6: sifirin, inda halin bawul yake

Don matoshi ya buɗe, dole sifirin ya miƙe, in ya miƙe kuwa ƙarfinsa ya ragu, matsin da zai iya riƙewa shi ma ya ragu. Shi ya sa irin wannan bawul ba ya taɓa riƙe bar 3 cur in ruwa na gudu. Ba lalacewa ba ce, haka aka gina shi. Aikin mai tsarawa shi ne ya zaɓi nawa zai yarda ya faɗi.

Mu yarda da bar 0.3 a cunkoso. A kan mm² 2,850 wannan N 85.5 ne, a tafiyar milimita 1.1. Taurin sifirin kenan kada ya wuce 85.5 ÷ 1.1, wato N 78 a kowace milimita. Don ya ba da N 855 sai an matse shi milimita 11.

Dubi waɗannan lambobi biyu da kyau: 1.1 da 11. Tafiyar matoshi kashi 10 cikin ɗari ce na matsewar sifirin, faɗuwar matsi ma kashi 10 ce na bar 3. Ba dace ba ne. Kason faɗuwar matsi kullum shi ne tafiyar matoshi a raba da matsewar sifirin, girman dayafaram bai shiga ciki ba ko kaɗan. Mutane da dama suna ɗauka babban dayafaram ne ke kawo daidaiton matsi. Abin da yake yi shi ne danne gogayya da ƙarfin matsin shiga. In kana son faɗuwar ta koma kashi 5, ko dai ka sa sifirin mai laushi da tsawo wanda za a matse milimita 22, hular bawul, wato murfin da sifirin ke ciki, ta yi tsawo, ko ka faɗaɗa mazauni tafiya ta ragu, ka koma ga karkarwar da muka gani a mataki na 3. Kowace riba a nan da kuɗinta. Wannan lissafi ne kuma ke nuna dalilin da ya sa bawul mai sifirin na bar 6 ke yin aiki marar kyau in an saita shi a bar 1.5: an matse shi kaɗan ne, tafiyar kuwa ba ta ragu ba. Shi ya sa masana'antu ke sayar da sifirin biyu ko uku ga bawul guda, kowanne da zangonsa.

Taurin sifirin k = G × d⁴ ÷ (8 × D³ × n). G na ƙarfen sifirin wajen N 79,000 ne a mm², d kaurin waya, D dayamitar naɗi daga tsakiyar waya zuwa tsakiya, n yawan naɗin da ke aiki. Da waya 6 da naɗi 32, k = 390 ÷ n, naɗi 5 ya ba da 78 daidai. Ƙara naɗi biyu na baki waɗanda za a goge su kwanta, jimla 7, tsawonsa in ya haɗe milimita 42. Tsawonsa a sake ya zama wajen 66. Wannan sau biyu ne kacal na dayamitarsa, ƙasa da sau 4 da ake fara tsoron karkacewa.

Saura wahalar da waya ke sha: τ = K × 8FD ÷ (π × d³), inda F ke nufin ƙarfin da ke kan sifirin, K kuwa gyaran Wahl ne, lambar da ake sawa saboda lanƙwasar waya, wadda a nan ta kama 1.29. A bar 3 za ka sami wajen N 415 a mm², lafiya lau. A bar 4, wajen 555. A bar 5, inda F ta kai N 1,425, ya kusa 690, wato wajen rabin ƙarfin tsinkewar irin wannan waya. Nan bakin iyaka ne, sifirin zai iya zaunawa ya rasa tsawo. Ni da zan rubuta bar 4 a matsayin ƙarshen zango, in sa sukurun saiti ya ƙare kafin a wuce nan. In ka koma wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, G ta sauka zuwa wajen 70,000, sai ka sake lissafin naɗi.

Akwai dabarar rage faɗuwar matsi ba tare da taɓa sifirin ba. A raba ɗakin da ke ƙarƙashin dayafaram da hanyar ruwa, a haɗa su da siririn bututu da bakinsa ke inda ruwa ya fi gudu. Da ruwa ya ƙaru, dayafaram yana jin matsin da bai kai na gaskiya ba, sai ya ƙara buɗewa. In an zarce, matsi zai riƙa hawa da ƙaruwar ruwa, bawul ya rasa natsuwa, don haka wurin bakin bututun a teburin gwaji ake nemo shi. Ƙaramin ramin haɗin yana kuma rage karkarwa, sai dai in ya yi ƙanƙanta datti ya toshe shi.

Inda ake son matsi ya tsaya cak a babban layi, sai a koma bawul mai ƙaramin jagora, irin Cla-Val 90-01, wanda ƙaramin bawul ke sarrafa ruwan da ke bisa babban dayafaram. Wannan wani darasi ne daban.

Mataki na 7: bakin mazauni da matoshi

In an rufe duk famfuna, matsin fita yana ɗan haura saiti kafin roba ta nutse a bakin mazauni ta rufe ruf. Yawan haurawar ya danganta da faɗin bakin. Baki mai faɗi yana neman ƙarfi da yawa, mai kaifi yana yanka roba. Siririn baki mai zagayayyen kai, ƙasa da milimita 1, shi ake so. A yi mazaunin da ƙarfen da ba ya tsatsa, 304 ko 316, mai zare da za a iya kwancewa a sauya. Robar matoshi a tsare ta cikin ƙoƙon ƙarfe yadda ruwa ba zai fizge ta ba, sanda kuma ta sami majingina a wuri biyu don matoshi ya riƙa sauka a miƙe.

Mataki na 8: gangar jiki da hula

A zana su don ranar da mazauni zai gaza, matsin shiga ya cika ko'ina. Ga PN16, wato gangar jikin da aka yi don ɗaukar bar 16, da rami mai dayamita 40, lissafin kaurin bango t = P × D ÷ 2σ (P matsi, D dayamitar rami, σ wahalar da ƙarfen zai iya jurewa) bai kai milimita 1 ba, amma zubi da yankan zare za su tilasta maka 3 ko fiye. A bar 16, da'irar milimita 70 tana tura hula da wajen N 6,200. Bolti shida M6 masu daraja 8.8 sun ɗauke shi da rara mai yawa, yawansu don roba ta matsu daidai ne a zagaye. A sa wa farantin dayafaram matsaya ta sama don kada roba ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai.

Tagullar da aka saba, CW617N, tana iya rasa zinkinta a wasu ruwaye ta zama ja mai ɓurɓushi. CW602N an yi ta ne don jure wannan. Ga ruwan sha a kula da dalma, Amurka ta kayyade ta a kashi 0.25 cikin ɗari a sassan da ruwa ke taɓawa tun 2014. Hula tana bukatar ƙaramin ramin shaƙar iska, in ba haka ba iskar ciki ta zama sifirin na biyu. A juya ramin ƙasa ko gefe saboda ruwan sama da ƙurar hunturu. Shi ne kuma zai fara ɗigo ranar da dayafaram ya tsage. A sa ƙwallon ƙarfe ko faifan ƙarfe mai santsi tsakanin sukurun saiti da kan sifirin don kada juyin sukuru ya murɗe roba.

Mataki na 9: gwaji

Fara da gangar jiki: ruwa, ba iska ba, a sau 1.5 na matsin da aka rubuta, wato bar 24. Sannan ka ɗaura bawul da matata a gabansa, geji mai auna matsi a kowane ɓangare, da miƙaƙƙen bututu mai tsawon dayamita 5 a bayansa. Sassauta sifirin gaba ɗaya, ba shi bar 8, rufe mafita, ka ɗaure sukuru a hankali har geji ya nuna 3. Kullum daga ƙasa ake hawa, domin in ka zarce, sassauta sukuru ba zai sauke matsin da ya riga ya kulle a bututu ba sai ka buɗe famfo.

Bar shi a rufe ka zuba wa allura ido. In tana rarrafawa sama, mazauni na yoyo, yawanci ƙwayar yashi ce ko matoshi ya karkace. Sai ka buɗe ruwa mataki-mataki har m³ 3 a awa kana rubuta matsi, ka dawo ƙasa kana sake rubutawa. A cunkoso ka sa ran ganin 2.6 zuwa 2.7. Tazarar da ke tsakanin lambobin hawa da na sauka ita ce gogayyar zoben roba, in ta yi yawa ka rage matsewarsa ko ka goge ramin fistin, ka shafa giris na silikon wanda aka yarda da shi a ruwan sha. Maimaita da matsin shiga 6. A ƙarshe ka tsaya a lita 0.1 a daƙiƙa ka saurara, ka ɗora hannu a bututu. In akwai karkarwa, fara da rage ramin da ke kai matsi ga dayafaram, in bai yi ba ka sa wa matoshi ɗan tsini mai shiga rami don buɗewar farko ta zo a hankali.

In akwai hita a bayan bawul, allura za ta iya hawa ko da mazauni lafiyarsa ƙalau, domin ruwan da ya yi zafi ya kumbura kuma bawul ya hana shi komawa baya. Kashe hitar ka sake gwadawa. In hawan ya tsaya, layin na bukatar tankin shanye kumburi da bawul mai fitar da rarar matsi a jikin hitar.